Ku Tambayi Anti: Kujerar mota ta jariri, ƙaramar mai hannu zan saya ko babbar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Cikin fari ne dani yanzu wata takwas, a Samarun Zariya muke zaune, a asibitin Shika nake awo kuma can zan haihu in Allah ya yarda, bayan suna kuma za a kaini gida Funtuwa wankan jego, kinga akwai shiga mota kenan tun yaro yana ɗanyensa. Maigidana ya yarda zai sayi kujerar jariri ta mota amma yace guda ɗaya tak, in zaɓa. Na shiga Sabon Gari naga kala biyu, akwai ƙarama mai hannu kamar kwando wadda ake ɗagowa da yaron a ciki, akwai kuma babba mai nauyi da mai shagon yace sunanta kanbatibul, wai tun daga haihuwa har yaro ya shekara huɗu ana amfani da ita. Babbar tafi tsada kuma ni tsorona kar jariri ya nutse a cikinta. Ga na gwanjo ma masu sauƙin kuɗi. Sannan Hajiyarsa tana ta cewa almubazzaranci ne, su a cinya suka riƙe nasu kuma gasu nan sun girma. Motarmu Corolla ce 2006. Wacce zan ɗauka Anti?

Ƙanwarki daga Samaru

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya, ya kawo mai albarka. Wallahi naji daɗin wasiƙar nan, don ba kasafai nake ganin mai ciki ta sa kujerar mota a lissafin kayan haihuwa ba, yawanci baho ne da kwalla da shawul da kayan fitar suna.

Ba zan ja ki da nisa ba. Tunda guda ɗaya ce, babbar zaki ɗauka, amma da sharaɗi, zan zo kansa.

Ita ƙaramar mai hannun nan kujera ce mai kyau, jariri sabon haihuwa yana zama daram a cikinta fiye da kowace iri, wannan ba musu. Amma ki duba rayuwar da aka ƙera ta dominta. A Turai da Amurka mace zata ciro ta daga mota da yaron yana barci, ta ɗora akan keken turawa ta shiga kanti, ta dawo ta maƙala a mota. Mu nan fa? Kina fitowa daga mota zani zaki jawo ki goya abinki, ko gidan barka ne ko layin rigakafi, ba wanda zai ganki da kwandon roba a hannu kina ratsa kasuwa. Wato babban abin da ake biyan kuɗinsa a jikinta ke ba lallai ki more shi ba. Sannan wa'adinta gajere ne, yawancinsu a kilo 13 suke tsayawa, kuma tun kafin nauyin ya kai tsayi ne ke fara fitar da yaro, da zarar kansa ya rage inci ɗaya ya kai bakin kujerar ta sama toh ta gama aiki, galibi tsakanin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kenan.

Abin da yake damuna shine abin da ke biyo baya, kuma na sha gani a gidajen 'yan uwa da abokan arziki. Kujerar ta yi wa yaro kaɗan, a ce za a sayi babba, sai ga kuɗin makaranta, sai ga azumi, sai ga wani cikin, shikenan yaro ya koma cinya, kuma daidai lokacin da ya fara ƙiriniya yana miƙewa tsaye a kujerar baya yana leƙa taga. Maigidanki ya faɗa miki gaskiya tun yanzu cewa ɗaya ce, toh ki ɗauki wadda zata raka yaron har ya shiga nazire. Babbar tana fara aiki ne tana kallon baya, da yawansu har kilo 18 a haka, daga baya a juya ta ta kalli gaba.

Tsoron da kike ji na nutsewa kuwa gaskiyarki ne, kuma shine sharaɗin. Ba kowace babbar kujera ce ta jarirai ba. Akwai waɗanda gaba kawai suke kallo, daga kilo 9 suke farawa, a ido kamarsu ɗaya da kanbatibul ɗin kuma wani mai shagon shi kansa bai bambance ba. Kar ki tsaya a maganar baki, ki juya kujerar ki karanta sitikar da ke gefe ko ƙasanta. 'Yar Turai zaki ga sitika ruwan lemo da harafin E a cikin da'ira, an rubuta nauyi daga 0 zuwa kilo 18, ko kuma tsayi daga santimita 40 zuwa 105. 'Yar Amurka da fam take lissafi, ki nemi wadda ta fara daga fam 4 ko 5, wato wajen kilo biyu. Bayan nan ki duba ramukan da igiyar kafaɗa ke fitowa, na can ƙasa ya zama ƙasa sosai, don idan yaro yana kallon baya igiyar daga daidai kafaɗarsa ko ƙasa da ita kaɗan ya kamata ta fito, ba daga saitin kunnensa ba. Ta zo da ɗan matashinta na jarirai wanda kamfanin ya haɗo, ba wanda tela zai ɗinka miki ba. Kuma ta kwanta sosai, kusan rabin kwanciya rabin zama, yawanci akwai layi ko ɗan ma'auni a gefe da ke nuna daidai. Wannan na kwanciyar kar ki yi wasa dashi, jariri wuyansa bai yi ƙwari ba, in kujerar ta miƙe da yawa haɓarsa zata faɗo kan ƙirji numfashi ya matse, kuma ba lallai ya yi kuka ki sani ba.

Ku je shagon da motar. A gwada ta a kujerar baya kafin a biya, don babbar in ta kwanta tana cin wuri, a Corolla wataƙila sai an ɗan matsar da kujerar gaba.

Me yasa nake ta nanata kallon baya? Kan jariri yana da nauyi sosai in aka kwatanta da girman jikinsa, wuyan kuma kamar zare. In mota ta daki abu ta gaba yana kallon gaba, igiya zata riƙe jiki kai ya fizga shi kaɗai. In yana kallon baya kuwa bayan kujerar ne zai tallabe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Dokar Turai ta R129 da ta fara aiki a 2013 ta wajabta kallon baya har aƙalla wata 15, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma tun 2018 cewa tayi a bar yaro a haka har sai ya kai iyakar abin da kujerar ke ɗauka. Za a ce miki ƙafarsa ta takura, ba komai, yara suna naɗe ƙafa su zauna lafiya lau.

Sai maganar Hajiya. Dan Allah kar ki ja da ita, kuma ba ke zaki yi mata bayani ba, ɗanta ne zai zauna da ita cikin ladabi. Ba ƙarya ta faɗa ba, a cinya aka riƙe mu duka, kuma soyayya ce tasa take ganin bai dace a ɗaure ɗanyen goyo a roba ga kakarsa a zaune ba. Amma hanyar da suka bi a da ba ita ce ta yau ba, duk wanda ya tsaya a Kwangila na minti goma ya ga tireloli da tankoki da masu keke suna kutse ya san haka. Karo a gudun kilomita 50 kacal, gudun cikin gari fa, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar bene hawa uku. Ba hannun da zai iya riƙe yaro a wannan lokacin komai son da ake masa, kuma in mai riƙon bata sa bel ba jikinta ne zai danne shi. Hukumar kula da haɗurran hanya ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar tana rage mutuwar jarirai a haɗarin ƙananan motoci da kashi 71 cikin ɗari. In aka ce ai komai ƙaddara ne, haka ne, amma Manzon Allah (SAW) cewa yayi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ranar tafiya Funtuwa ku roƙi Hajiya ta zauna a baya kusa da jikanta, ita ce mai lura da numfashinsa da gyara masa mayafi, zaki ga ta sauko.

Gwanjo kuma, hmm, nan nake jin tsoro. Riga ta gwanjo in ta yage ido zai gani, kujerar da ta taɓa shiga haɗari kuwa tana iya tsagewa ta ciki ba alama. Kuma suna da ranar lalacewa kamar magani, yawanci shekara 6 zuwa 10 daga ranar da aka ƙera, roba tana tsufa, balle wadda ta sha rana a kwantena da bakin titi. In dole sai ta hannu, gara ta wata 'yar uwa da kika san tarihinta, sitika da kwanan wata suna nan, igiya bata ci ba, makullin yana ƙaras. Wadda aka kankare sitikarta ki barta ko kyauta ce. Akwai kuma wata 'yar katifar yadi mai igiya da ake tallata a intanet a ɗaura a jikin kujerar mota, wannan ba kujerar kariya bace sam sam.

Wajen ɗaurawa, in Corollar taku 'yar Amurka ce zaki samu wasu ƙananan ƙarafa a lungun kujerar baya, tsakanin mazauni da majingina, tun 2002 ake sa su a motocin can, nan ake maƙala kujerar. In babu, bel ɗin mota ma yana yi, a bi hanyar da aka zana a jikinta. Bayan an ɗaure a kama ta daidai inda bel ya ratsa a girgiza, in ta motsa fiye da inci ɗaya a sake. Kujerar gaba kuma haramiyarta ce, jakar iskar nan da ke fashewa lokacin karo zata daki bayan kan yaron ne kai tsaye, 'yan Rod Sefti ma kullum gargaɗinsu yara ƙasa da shekara 12 su zauna a baya. Igiya ta kama jiki har ki kasa tsunkulo ta da yatsu biyu a kafaɗa. Sanyin Zariya lokacin hunturu kin sanshi, amma kar ki naɗe shi a shawul mai kauri sannan ki ɗaure, ki ɗaure shi da kayan jikinsa ki rufa bargon a sama. Da bazara kuma ki taɓa ƙarfen makullin kafin ki sa shi, yana ƙona fata, kuma ko na minti biyu kar a bar shi a mota shi kaɗai. In yayi kukan nono a hanya a samu wuri a faka, kar a ciro shi mota na tafiya.

TAMBAYA

Salam Anti. Iyalina ta haihu wata bai cika ba, yarinyar kilo 2.1 ce, ana shirin sallamarmu. Wani lokaci motata za su shiga wani lokaci ta ƙanena. Wacce ta dace?

Wani uba daga Tudun Wada

AMSA

Malam barka da arziki, Allah ya raya ta. Kai kam ƙaramar mai hannu zaka saya, yarinya mai wannan nauyin babbar zata yi mata yawa ko da matashi, kuma ƙaramar tafi sauƙin ɗauka daga mota zuwa mota. Ka tabbatar sitikar ta nuna tana ɗaukar daga fam 4, don wasu daga 5 suke farawa kuma 'yarka bata kai ba tukun. Ka kai kujerar asibiti kafin sallama likita ya ganta a ciki. A Amurka jaririn da aka haifa kafin sati 37 sai an zaunar dashi a kujerar wajen awa ɗaya da rabi zuwa biyu ana duba numfashinsa kafin a sallame shi, toh kaima ka nemi shawarar likitanku akan haka. Tafiye-tafiye a taƙaita su, babba ɗaya ya zauna kusa da ita yana kallon fuskarta, kuma kuna isa gida a cire ta a kwantar a shimfiɗa. Kujerar ba gadon barci bace, kar a ajiye ta akan tebur ko gado da yarinyar a ciki. Ka fara tara kuɗin babbar tun yanzu, nan da shekara ɗaya da wani abu zaka buƙace ta.

TAMBAYA

Anti mu da bamu da mota fa, keke muke hawa zuwa rigakafi, ya za mu yi?

Maijego daga Gyallesu

AMSA

'Yar uwa ba zan ce miki akwai kujerar da zata yi a keke ba, babu bel babu inda za a maƙala, kar wani ya karɓi kuɗinki. Abin da zaki iya shine ki kwance goyon kafin ki shiga, don in yana bayanki aka taka birki ko aka buge ku ta baya tsakaninki da ƙarfe zai matse. Ki rungume shi ta gaba da hannu biyu, jaka a ba wani ya riƙe, ki zauna a tsakiya ba bakin ƙofa ba, kuma ki buɗe baki ki ce wa mai keken ya tafi a hankali akwai jariri, in yaƙi ki sauka. Acaba da ɗanyen goyo dai ki haƙura da shi. Ki zaɓi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa dake don rigakafin sati 6 da 10 da 14, allurar iri ɗaya ce ba sai kin tsallaka babban titi ba. In tafiya mai nisa ta kama, Kaduna ko Kano, ki nemi aron kujera wajen 'yar uwa mai ita ki biya kuɗin mutum biyu a baya, ki duba bel ɗin wurin yana aiki kafin mota ta tashi daga tasha.