Amsa ga mai koyon aikin akanta kan haɗa lissafin uwar kamfani da ƙananan kamfanoninta

Ɗana, na ga saƙonka, kuma na fahimci abin da ya ɗaure maka kai. Ka ce ka haɗa lissafin matatsar man gyaɗa da ke Sharaɗa da na ƙaramin kamfaninta mai sayar da kaya a kasuwar Singa, sai jimillar ciniki ta fito fiye da yadda mai kamfanin ya san ya sayar, sannan bashin da uwar kamfani ta rubuta tana bi bai yi daidai da wanda ƙaramin kamfanin ya yarda ana binsa ba, har kana tambaya ko manhajar lissafin ce ta lalace. Lafiyar manhajar ƙalau. Ka ce mata ta tara, ta kuwa tara.

Abin da ake nufi da wannan aiki shi ne a nuna kamfanonin biyu tamkar gida ɗaya, don haka duk wata hulɗa da ta tsaya a tsakaninsu ba ta da gurbi a rahoton. Bari in yi maka misali da ƙananan alƙaluma. A ce matatsar ta kashe naira miliyan 8 wajen tace mai, ta sayar wa kamfanin Singa a kan miliyan 10, shi kuma kafin ƙarshen shekara ya sayar da rabin kayan ga 'yan kasuwa a kan miliyan 6. Idan aka bar manhaja ta tara kawai, za ta ce an yi cinikin miliyan 16, alhali kuɗin da ya fito daga aljihun mutanen waje miliyan 6 ne tak. Sauran goman ciniki ne na tuwona maina, dole a soke shi daga ɓangaren sayarwa na uwa da ɓangaren saye na ƙaramin kamfani a lokaci guda.

A nan ne masu koyo suka fi tsayawa, suna zaton an gama, alhali da saura. Rabin man da bai fita ba yana nan jibge a sito, littafin Singa ya rubuta shi a kan miliyan 5, amma abin da gidan gaba ɗaya ya kashe a kansa miliyan 4 ne. Wannan miliyan 1 da ke tsakani riba ce da ba wanda ya biya ta tukuna, saboda haka za ka rage ta daga darajar hajar, ka rage ta daga ribar shekarar, sai ranar da jarkokin suka bar sito zuwa hannun mai saye na waje sannan ta tabbata. Manhaja ba ta san ko jarka nawa suka rage ba, sai an ƙirga an gaya mata, shi ya sa nake matsa muku ku je ƙirgan kaya da ƙafarku.

Game da bashin da bai daidaita ba kuwa, ka ce uwa ta rubuta miliyan 10, ƙaramin kamfani ya rubuta miliyan 7 da rabi. A mafi yawan lokuta da na gani, dalilin bai wuce kuɗi ko kaya da ke kan hanya a ranar rufe littafi ba: akantan Singa ya tura miliyan 2 da rabi ranar 31 ga Disamba ya rubuta nan take, na Sharaɗa kuma bai shigar ba sai da ya dawo aiki a farkon Janairu. Wani lokacin kuma kayan da aka mayar ne ɓangare ɗaya ya manta bai rubuta ba. Ka bi takardun ciniki da bayanin banki ɗaya bayan ɗaya har ka gano shi. Kada ka kuskura ka buɗe asusun wucin gadi ka zuba bambancin don kawai hagu da dama su yi daidai. Na taɓa yin haka ina saurayi a wani kamfani, na yi barcina cikin kwanciyar hankali, bayan wata uku odita ya ɗora yatsa a kan wannan layin ya ce in yi bayani, har yau ina tuna zufar da ta karyo mini.

Sai batun inda za ka rubuta sokewar. Kowane kamfani yana da rajistarsa daban a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, yana kuma da harajinsa daban, don haka cinikin miliyan 10 ɗin nan gaskiya ne a littafin uwa, kuma can zai zauna. Sokewa tana da nata wurin. Manyan manhajoji suna ba ka damar buɗe wani kamfani na takarda kawai wanda ake zuba irin waɗannan gyare-gyare a cikinsa, idan kuwa taka ba ta da wannan, ka fitar da ragowar kowane asusu zuwa Excel, kowane kamfani da layinsa, sokewa ma da nata layin, ka rubuta dalili a gefen kowace.

Kafin duk wannan, ka duba jerin lambobin asusun kamfanonin biyu. Idan lamba ɗaya tana nufin kuɗin dizal a Sharaɗa amma tana nufin hayar shago a Singa, manhaja za ta cakuɗa su ba tare da ta yi maka ko tari ba. Ka kuma ware asusu na musamman don hulɗar cikin gida, kada ka bar ƙaramin kamfanin ya ɓace a cikin jerin sauran masu saye.

Ƙa'idar da muke bi ita ce IFRS 10, wato ƙa'idar duniya kan haɗa lissafin uwar kamfani da ƙananan kamfanoninta, domin tun 2012 Najeriya ta fara aiki da waɗannan ƙa'idoji na duniya, aka fara da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari. Ƙa'idar ta buƙaci uwa da ƙananan kamfanoninta su bi salon lissafi iri ɗaya, kuma idan ranakun rufe shekararsu sun bambanta, tazarar kada ta wuce wata 3. Jarin da uwa ta zuba a ƙaramin kamfani shi ma ana soke shi da jarin da ke littafin ƙaramin. Idan kashi 80 cikin 100 uwa ta mallaka, duk da haka za ka ɗauki kadarori da basussukansa gaba ɗaya, sannan ka nuna haƙƙin masu kashi 20 a layi daban. Maganar ƙaramin kamfanin da ke wata ƙasa, kamar a Maraɗi, mai lissafi da sefa, sai mun zauna, don canjin kuɗi darasi ne mai zaman kansa.

Ranar Litinin bayan Azahar ka zo ofis da bayanin bankin kamfanonin biyu daga 28 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu, da takardar ƙirgan kayan sito, mu fara neman miliyan 2 da rabin nan tare.