Allo Ya Yi Fari Fat, Taɓi Ya Karkace: Amsar Tambayoyinku

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na haɗa Arduino Uno (ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa kod) da allon taɓawa mai inci 2.8, irin mai guntun ILI9341 mai sarrafa hoto, da ke karɓar saƙo ta wayoyin SPI. Fitilarsa tana kamawa, amma ban da fari fat ba ya nuna komai. Ko allon ne ya lalace?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya allon ne. Farin nan yana nufin fitilar baya ta samu wuta, amma umarni bai shiga ILI9341 ba. Uno da volt 5 take tura saƙo, shi kuwa ILI9341 volt 3.3 yake ji. Abin da ke ruɗar mutane shi ne yawancin waɗannan alluna suna da regileta mai rage volt a ƙafar VCC, wato ƙafar shigar wuta, sai a ɗauka duk ƙafafun suna jure volt 5. A'a, VCC ce kaɗai.

Ka sa CD4050, guntun da zai rage saƙon zuwa volt 3.3, a tsakanin Uno da allon, ka ba shi wuta daga 3.3, sannan wayoyin saƙo na CS, DC, RESET, MOSI da SCK su bi ta cikinsa. In babu shi, resista biyu a kowace waya sun wadatar: mai 1k daga Uno zuwa allon, mai 2k daga ƙafar allon zuwa GND. MISO ba ta buƙatar wannan, domin daga allon take fitowa. A Uno, MOSI ƙafa ta 11 ce, MISO ta 12, SCK ta 13. CS da DC kai ke zaɓa, sai dai lambobin da ka rubuta a kod su dace da inda ka soka wayoyin. Wayoyin kuma su zama gajeru, don dogaye suna ɓata saƙo.

Mu dai da za ka ji shawararmu, da ka bar Uno ka koma takwararta ESP32. Da volt 3.3 take aiki, ka huta da resistocin. Ga kuma batun ƙwaƙwalwa: cikakken hoto mai ɗigo 240 sau 320 yana cin bayit 153,600, alhali RAM ɗin Uno 2KB ne kacal.

TAMBAYA: Nawa allon a kan ESP32 yake, hoto yana fita lafiya lau. Amma in na taɓa sama, ƙasa yake amsawa, wani lokacin ma ba ya amsawa sam.

AMSA: Taɓi ba aikin ILI9341 ba ne. Akwai wani ɗan guntu daban, XPT2046, kuma ba lambar ɗigo yake bayarwa ba, ɗanyen awo ne daga 0 zuwa 4095. Ka taɓa kusurwowi huɗun da sandar allon, ka rubuta abin da ya fito a Serial Monitor, sai ka yi amfani da map() ka mayar da su 0 zuwa 239 da 0 zuwa 319. In ya fito a kife, musanya lambobi biyun da ka auno, ƙarama da babba, a cikin map(). Ka tabbata setRotation ɗin hoto da na taɓi sun dace.

Rashin amsawa kuwa galibi saurin SPI ne ya yi yawa. Allon yana ɗaukar 27MHz ko fiye, XPT2046 kuwa kada ya wuce 2.5MHz. A TFT_eSPI, laburaren kod na sarrafa allon, SPI_TOUCH_FREQUENCY ke riƙe da wannan. Ƙafafun taɓi T_CLK, T_DIN da T_DO za su iya raba waya da SCK, MOSI da MISO, amma T_CS tata ƙafar daban take so. In har yanzu yana gardama, cire wayar SDO (wato MISO) ta allon, ka bar T_DO ita kaɗai a kan MISO.