Me ya sa ba za a ƙyanƙyashe kifin sitilhed a zuba a kogi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai kiwon tarwada ne a Zariya. Na ji a rediyo cewa wani kifi a Amurka mai suna sitilhed yana neman ƙarewa, har ana rushe madatsun ruwa dominsa. Me ya hana su ƙyanƙyashe 'ya'yansa da yawa su zuba a kogi, su ƙyale madatsun?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta mai sana'a ce, kuma shawarar da ka kawo an fi shekara 100 ana gwada ta a yammacin Amurka. Har gobe ana sakin miliyoyin 'ya'yan kifi kowace shekara a yankin kogin Kolumbiya, amma na asali sai raguwa yake yi. Tun 1997 aka fara saka rukunonin sitilhed cikin dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka kafa a 1973.

Tarwada, ka ba ta ruwa da abinci ka gama da ita. Shi kuwa sitilhed matafiyi ne. A ruwan sanyi na kan duwatsu ake ƙyanƙyashe shi, ya yi shekara ɗaya zuwa uku a kogi, ya gangara tekun Fasifik ya girma, sannan ya juyo ya hauro kogin da ya fito domin ya hayayyafa. Wasu ma sukan koma teku su sake dawowa, abin da yawancin 'yan uwansa salmon ba sa yi, don su da sun zuba ƙwai sai mutuwa. Da za ka ga macen lokacin nan: takan kwanta a gefe guda tana kaɗa wutsiya da ƙarfi har ta tona rami cikin tsakuwa, ta zuba ƙwai, namijin ya barbara, ta binne. Ƙwan nan ruwa mai sanyi yake so, wanda ke ratsa tsakuwa yana kai masa iska. Laka ta toshe tsakuwar, ko ruwan ya ɗumama, shi ke nan.

To ka ga inda madatsa ke shigowa. Tana tare hanya, tana riƙe tsakuwa, ruwan da ta tara kuma yana kwanciya a rana ya yi zafi. Kifin da zai kai jihar Aidaho sai ya tsallake madatsu 8, huɗu a Kolumbiya huɗu a kogin Snake, 'ya'yansa kuma su bi ta kansu wajen gangarowa.

Kifin kiwo kuwa kai ka fi ni saninsa. Ya ga inuwar mutum sai ya taso sama yana jiran abinci, alhali na daji inuwa yake gudu, don tsuntsu ce ko dabba. Binciken da aka yi a kogin Hood na jihar Oregon ya nuna na kiwo ba ya barin 'ya'ya a daji kamar na asali, kuma idan suka cuɗanya raunin yakan bi zuriya. Shi ya sa ake yanke wa na kiwo ɗan ƙaramin fiffiken da ke kusa da wutsiya kafin a sake shi, masunci ya gane wanda zai ɗauka da wanda zai mayar.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne kogin Elwha a jihar Washinton. Madatsu biyu aka yi masa, ɗaya a 1913 ɗaya a 1927, ba a bar wa kifi ko kafa ba, ta ƙasan kuma kilomita 8 kacal take da bakin kogin. 'Yan asalin wurin, ƙabilar Klallam, sun daɗe suna fafutuka, aka fara rushewa a 2011 aka gama a 2014, aka kuma dakatar da kamun kifi a kogin. Sitilhed ɗin da ke hawowa da rani, wanda aka kusa fid da rai da shi, ya dawo. Daga ina? Daga danginsa da madatsa ta kulle a sama kusan shekara 100. Jinsinsu ɗaya, sai dai ba su taɓa ganin teku ba, da hanya ta buɗe kuwa sai jikokinsu suka kama tafiya. Duk lokacin da na tuna wannan sai na ce ikon Allah.

Kada ka ɗauka kowace madatsa ake son rushewa. Akwai masu ba da lantarki da ruwan noma, shi ya sa ake ta ja-in-ja kan huɗun nan na Snake. Amma irin San Clemente ta kogin Carmel a Kalifoniya, laka ta cike ta, aka cire ta a 2015. An kuma gama cire huɗu a kogin Klamath a 2024.

Sana'arka tana da wurinta, wato ceto. A watan Janairun 2025, bayan gobarar Los Anjeles, an kwashe sitilhed sama da 200 daga rafin Topanga kafin ruwan sama ya gangaro da toka da laka, aka ajiye su a gidan kiwo, daga baya aka sake su a wani rafin da ke yankin Santa Barbara.