Sati ɗaya a Minnesota: ina ya kamata mutum ya leƙa?

Tambaya: Salam malam. Insha Allahu ƙarshen watan Agusta zan je wajen yayana da ke karatu a Minneapolis, jihar Minnesota a Amurka, sati ɗaya zan yi. Shi dai kullum maganarsa Mall of America, to banda nan akwai abin gani kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Akwai mana, kuma wallahi ka dace da lokaci, don da a ce Janairu za ka da sai in ce ka sake shawara, sanyin can ba irin hunturunmu ba ne, shi ya sa ma suka haɗa gine-ginen tsakiyar Minneapolis da gadoji rufaffu na gilashi kusan kilomita 15 don mutum ya yi yawonsa bai taka waje ba.

Mall ɗin ka je, amma wuni ɗaya ya isa. Yana Bloomington kusa da filin jirgi, an buɗe shi a 1992, shaguna sun haura 500, kuma jirgin ƙasa na Blue Line yana kai ka har ciki. Amfaninsa gare ka shi ne jihar ba ta cajin harajin sayayya a kan yawancin tufafi, to tsaraba a nan za ka haɗa ta.

Ni abin da nake so ka gani shi ne ruwa. Laƙabin jihar ƙasar tafkuna dubu goma, alhali ƙidayar hukuma 11,842 ce. Ka fara da cikin gari, ka taka gadar dutse ta Stone Arch da aka gina wa jirgin ƙasa a 1883, da yamma ka tsaya a tsakiyarta kana kallon kogin Mississippi yana gangarowa a St. Anthony Falls, ga tsofaffin masana'antun fulawa a gefe waɗanda su suka raya garin tun asali.

Daga nan ka lallaɓa yayanka ku samu mota ku nufi arewa zuwa Duluth, awa biyu da rabi ne. Nan za ka ga tafkin Superior, wanda a faɗi babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi a duniya, ba ka hango ɗaya gaɓar, sai ka rantse teku ne. A Canal Park akwai gadar da ake ɗagawa, za ka ji ƙaho sai motoci su tsaya cak, gadar ta tashi sama gaba ɗayanta, wani ƙaton jirgi mai ɗauke da tamar ƙarfe ya wuce ta gabanka a hankali har kana ganin ma'aikatansa suna ɗago hannu. Ni ban taɓa gajiya da kallon nan ba. Ku bi titin 61 a bakin ruwa zuwa magangarar ruwa ta Gooseberry Falls da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Split Rock ta 1910, ku kwana ɗaya a hanya, kuma ka riƙe rigar sanyi ko da rani ne, iskar tafkin na da kaifi da daddare. Maganin sauro ma kar ka manta.

In da sauran kwana, tafkin Itasca wajen awa huɗu daga Minneapolis, nan ne mafarin Mississippi, ka naɗe wando ka tsallake shi a kan duwatsu, kogin da zai yi tafiyar sama da kilomita 3,700 kafin ya faɗa teku.

Zuwanka zai iya faɗawa kan State Fair, bajekolin jihar na kwana 12 da ke ƙarewa Litinin ta farko a Satumba. Shanu, injinan noma, gasasshiyar masara, cunkoso kamar ranar hawan sallah. Sai dai ka riƙa tambaya kafin ka ci nama don alade ya yi yawa a wurin.

Batun sallah da halal kuwa hankalinka kwance, Somaliyawa sun cika garin. Ka je unguwar Cedar-Riverside ko Karmel Mall ka ci shinkafa da naman akuya, za su haɗo maka da ayaba, kar ka ajiye ta gefe, tare ake ci. Tun 2023 birnin ya amince a kira sallah da lasifika sau biyar a rana, to Juma'arka ka yi ta a masallacin Dar Al-Hijrah da ke Cedar-Riverside ɗin, ka je da wuri don wurin ajiye mota na wahala.