Amsa ga Hajiyar da ta tsinci ledar giya a aljihun ɗanta

Wa alaikumussalam Hajiya. Na ga tambayarki tun jiya, kin ce kin zo wanki kin tsinci ƴar ledar giya a aljihun wandon ɗanki mai shekara 16, kuma kina tsoron faɗa wa babansa kar ya kore shi. Na ga wasu sun ce a zane shi, wasu sun ce gidan mari. Dan Allah ki ɗan saurare ni, na yi shekaru ina jan adaidaita sahu har cikin dare daga France Road zuwa Fagge da Kurna a nan Kano, ba irin yaran da ban ɗauka ba.

Mu nan muna ganin Hisbah na fasa kwalabe sai mu ɗauka abin ya tsaya a Sabon Gari, toh yaran ba ta kwalba suke sha ba, ta ledar nan ce, su juye a robar lemo su bi da alewar minti, ya shigo ya gaishe ki ba ki san komai ba. Kuma ta fi ta kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa a 2024 hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sanar da hana ta leda da ƙananan kwalaben da ba su kai mil 200 ba. Ga arha ga sauƙin ɓoyewa.

Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya shekararsa 17. Daren bikin abokinsu ya sha ya ɗora tiramol a kai, da ya faɗi abokan suka ji tsoron kawo shi gida saboda sun san halin tsohonmu, sai suka kwantar da shi rigingine a shagon ɗaya daga cikinsu suka ja ƙofa wai bari ta sake shi, suna jin munsharinsa suna cewa barci ne. Da asuba aka kira ni. Wallahi Hajiya takalminsa ɗaya na ƙafarsa, amai ya bushe a wuyan shaddar da ni na ɗinka masa. Aman ne ya shaƙe shi. Mutane muka ce musu zazzaɓi ne, har yau mahaifiyarmu ba ta iya wucewa ta layin.

Tsakanin shagon da gidanmu ko tafiyar minti biyar ba a yi. Da yaran nan ba su ji tsoronmu ba da an kai shi asibiti tun sha biyun dare.

Saboda haka kafin komai ki zaunar da shi ku biyu, lokacin da yake garau, ki nuna masa ledar, ki yi faɗanki na uwa amma ki ce masa duk halin da ya shiga, ko ƙarfe nawa ne, ya kira ki ko abokansa su kira, za ki buɗe ƙofa. Ki tambaye shi ko yana haɗawa da ƙwaya ko kodin, don duk da an hana sirop ɗin tun 2018 bai ɓace ba, kuma haɗin ne ke danne numfashi. In yana hawa mashin ki karɓe makullin, wanda ya sha gani yake ya fi kowa iya tuƙi.

In kuma Allah ya kiyaye ya dawo a buge ba ya amsa kira, a kwantar da shi a gefensa, kar a ɗura masa madara ko manja, kar a sheƙa masa ruwa, kar a bar shi shi kaɗai. Numfashi na yankewa ko leɓe ya sauya kala, a wuce imajansi na asibitin Murtala ko Asibitin Malam (asibitin koyarwa na Aminu Kano), a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Babansa kuwa dole ya sani, amma ki nemo kawunsa ko wani da Alhaji ke jin nauyinsa a faɗa tare, a roƙe shi kar ya kore shi, yaron da aka kora wajen masu ba shi zai koma kwana. In abin ya riga ya kama shi akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam da asibitin Dawanau, zuwa can ba ya nufin hauka.

Allah ya shirya mana shi. Yau dai kar ki kwanta sai kin ji shigowarsa, in ya yi barci ki leƙa ki ga yadda ya kwanta.