Ku Tambaya Mu Amsa: Lambun Aburi da Itatuwansa

Tambaya: Ni malamar Islamiyya ce a unguwar Nima da ke Accra, Ghana. Za mu kai yara lambun Aburi bayan Sallah. Wa ya kafa shi, kuma don me? Kada su tambaye ni in rasa ta cewa.

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri. Abin da za ki fara gaya musu shi ne, asali ba don shaƙatawa aka yi wurin ba. A 1875 Turawan Ingila suka gina gidan jinya a can domin ma'aikatansu da zazzaɓi ya galabaitar a bakin teku, saboda Aburi na kan duwatsun Akuapem, iskarta da sanyi. Lambun kansa an buɗe shi a watan Maris na 1890, zamanin Gwamna William Brandford Griffith, aka ɗauko William Crowther daga lambun Kew na Ingila ya zama mai kula da shi na farko.

Aikinsa gwajin shuka ne: koko, kofi, roba da kayan ƙamshi. Wanda ya karɓi ƙasar sai a yi renonsa a raba wa manoma dashe. Amma a ba mai haƙƙi haƙƙinsa, ba Aburi ce ta kawo koko ba. Wani ɗan ƙasa, Tetteh Quarshie, ya riga ya zo da shi daga tsibirin Fernando Po, ya shuka a Mampong, nan kusa, a 1879. Lambun ya taimaka ne wajen yaɗa iri da koyar da noma, kuma zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai Ghana (Gold Coast a lokacin) fitar da koko a duniya. Faɗin filin hekta 64.8 ne, ko da yake ɓangare kaɗan aka gyara, sauran kurmi ne.

Ku hau mota a Madina, ku bi Adenta, Ayi Mensah, Peduase, tafiyar kamar kilomita 30 daga Accra. Hawan dutsen kwana-kwana ne, don haka kada a cika wa yara ciki kafin a tashi, a kuma riƙe leda saboda amai. Ku nemi ɗan jagora a ƙofa ya murza musu ganyen kirfa su shinshina.

Tambaya: Na ga wani itace a can, cikinsa rami ne har mutum na shiga. Tsafi ne? Daga wani mai karatu a Sabon Zango.

Amsa: Malam, babu tsafi. Dangin cediya ne. Tsuntsu ko jemage ke kashayar da ƙwayarsa a reshen wani itace, ta tsiro a sama, ta sako saiwoyi har ƙasa. Saiwoyin su yi kauri, su haɗe, su shaƙe uwar ɗakin, wato itacen da aka tsiro a kansa, ganyen kuma ya tare mata rana. Bayan shekaru masu yawa ta mutu ta ruɓe, sai kogon ya rage.

Abin da ya fi damun mu shi ne masu sassaƙa sunansu a jikin itatuwa. Abincin itace ta ƙarƙashin ɓawo yake bi, in aka yanka a zagaye ya yanke, in ma ba a zagaye ba ruɓa da ƙwari sun samu ƙofa. Dogayen itatuwan nan masu kama da kwakwa da suka yi layi a bakin shiga, ciwon da aka ji musu ba ya rufewa har abada, domin irinsu ba sa yin sabon ɓawo.