Yadda ake auna man tamoji mai tsada

Auwalu, ka tambaye ni yadda za ka gane ko man tamojin nan mai tsada da muka sauke ya cancanci kuɗinsa, tunda ga wani a gefensa da bai kai rubu'in farashinsa ba, kuma alkawarinsu ɗaya. Ka fara da juya kwalin, domin gabansa talla ce, a bayansa aka jera sinadarai, kuma ƙa'ida ce a fara da wanda ya fi yawa. Yawanci ruwa ne a sama, ko da man daga Faransa ya zo.

Sunan da za ka nema shi ne retinol, dangin bitamin A, domin wannan dangin ne aka fi tabbatar da aikinsa a kan tamoji. Babban wansa, tretinoin, magani ne da likita ke rubutawa, kuma tun 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ƙananan tamoji. Retinol bai kai shi ƙarfi ba, sai an lizimce shi wata uku zuwa shida kafin a ga canji, shi ma ba a kan zurfafan layukan goshi ba. Haske da iska suna lalata shi, saboda haka idan ka gan shi a kwalba mai faɗin baki wadda ake tsoma yatsa kullum, komai ƙyallin murfinta, ka fifita roba mai duhu wadda ake matsawa. Kada ka sayar wa mai juna biyu, kuma ka gargaɗi sabon shiga cewa fata na iya yin zafi ko saɓa a makonnin farko.

Wanda aka rubuta wa collagen da manyan haruffa kuwa, ƙwayoyin collagen ɗin, wato furotin da ke ƙarfafa fata, sun yi girman da ba sa ratsa ta, a sama suke tsayawa. Laushin da Hajiya za ta ji washegari aikin glycerin ne ko hyaluronic acid, masu riƙe ruwa. Wannan ba abin rainawa ba ne a hunturun Jos, sai dai mai araha ma yana yin sa.

Ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da ranar lalacewa, kuma duk haɗin da aka kawo ba suna ba kwali, ka mayar wa mai shi, domin irinsu ne ake cusa wa hydroquinone da steroid da mercury, fuska ta yi fari, daga baya fatar ta sirance.

Idan mai saye ta ce abu ɗaya kuɗinta zai iya, ni man kariyar rana mai SPF 30, wato ma'aunin ƙarfin kariyarsa, nake miƙa mata, domin rana ce kan gaba wajen tsufar da fatar fuska. Mutanen Jos sanyi yana ruɗinsu, alhali garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma hasken da ke lahanta fata ya fi ƙarfi a kan tudu. Ka ce mata ta shafa shi da safe, retinol kuma sai da dare.